Duk O+ ne amma lab sun ce jinin bai dace ba, masu sani ku taimaka min da bayani

Maman Ummi: Assalamu alaikum ƴan uwa, ku yi haƙuri na shigo muku da daddare. Muna asibiti tun jiya da Ummi, sikilar ta tashi, PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jininta, ya sauka 15 likita yace a ƙara mata jini. Ita O+ ce, tun tana shekara biyu muke ƙara mata yanzu tana sha ɗaya, wannan ne zai zama na takwas. To yau leda huɗu aka gwada duk O+ amma ƴan lab sukace babu wanda ya dace, harda na ƙanin babanta da ya baro shagonsa ya zo ya bayar. Ni abin ya ɗaure min kai wlh, O+ da O+ ba abu ɗaya bane? Ga yarinya kwance tana numfashi sama sama su kuma sai cewa suke a kawo wani

Hajiya Goggo: Subhanallah. Allah ya bata lafiya yasa kaffara ne, sannu Maman Ummi

Ɗan Fagge: Hajiya ki bar wahalar da kanki, kuɗi suke nema kawai. Kowace leda sai kin biya kuɗin gwaji ko? To ai shikenan kin gane. Jini kala huɗu ne a duniya A, B, AB da O, tun firamare muka sani, in ba cuwa-cuwa ba ta yaya O zai ƙi O

Baban Walid na Lab: Wa alaikumus salam. Maman Ummi sannu da jiki. Kafin in ce komai amsa min tambaya ɗaya, yaushe aka mata ƙarin ƙarshe, kuma bayan kun koma gida kin lura da wani abu a fitsarinta ko idonta?

Maman Ummi: Wata uku kenan Malam. Kuma eh, kamar kwana tara bayan an sallamemu fitsarinta ya koma kamar zoɓon da ya ji, idon yayi ɗorawa, ga zazzaɓi ga ciwon baya. Muka je kemis akace maleriya ce da shawara aka bamu magani, a hankali ta warware

Baban Walid na Lab: To alhamdulillah da kika tuna wannan. Ni a ganina ƴan lab ɗin nan ba cutarki suke ba, aikinsu ma suka yi da kyau. Bari in miki misali da abin da muka sani. Ki ɗauki jar ƙwayar jini kamar fuskar mutum mai tsagar gado. A da B su ne manyan tsagun da ake hangowa daga nesa, alamar + ɗin nan kuma wata tsaga ce daban da ake kira D a cikin gidan Rh. Amma fuskar ba a nan ta ƙare ba, akwai ƙananan tsagu birjik, sun haura 300, an kasa su gida gida sama da 45. Akwai gidan Kell, akwai Kidd, akwai Duffy, akwai MNS, akwai Lewis, shi kansa Rh bayan D yana da C da c da E da e. Mutum biyu duk O+ suna iya bambanta a wurare goma.

Bambancin shi ne, sojojin jiki da ke yaƙar A da B tun jariri yana ƴan watanni suke fitowa da kansu ko ba a taɓa ƙara masa jini ba, shi ya sa kuskuren ABO yake nunawa nan take. Su kuwa na Kell da Kidd da Duffy jiki bai san da su ba sai ya ga baƙuwar tsaga ta shigo, ko ta ƙarin jini ko ta ciki. Ranar farko zai bar baƙon ya wuce amma ya haddace fuskarsa. Ranar da ya sake ganin mai irin wannan tsagar sai ya far masa. Yarinyar da ta sha leda bakwai daga mutum bakwai, jikinta ya ga fuskoki da yawa

Ɗan Fagge: Dafi kuma? Wane irin dafi ne a cikin jinin mutum, mun shiga uku

Ƴar Aji Huɗu: Hhhh Yaya ba dafin maciji ba, sunan mutum ne. Wani bature ne Mista Duffy mai ciwon rashin daskarewar jini, an yi ta ƙara masa jini har jikinsa ya ƙera wani sojan da ba a taɓa gani ba, a 1950 aka gano sai aka sa sunansa. Kell kuma daga sunan wata mata ce Kelleher a 1946, jaririnta ne ya samu matsala. Kidd ma mace ce a 1951 itama ta dalilin jaririnta. Kusan duk haka aka samo su, wani ya sha wahala sannan aka gano. Satin da ya wuce muka yi tes a kai shi ya sa suke kaina tar

Ɗan Fagge: To naji. Amma in haka ne me yasa sau bakwai ana sa mata O+ lafiya lau ba a taɓa cewa bai dace ba, sai yau? Ni fa nan ne ban yarda ba

Baban Walid na Lab: Wa ya ce maka lafiya lau? Ka koma sama ka karanta abin da ta faɗa na kwana tara. Wannan fitsarin mai kalar zoɓo, jinin da aka biya kuɗi aka ƙara ne jiki ya farfasa yake zubarwa. Lokacin da aka yi gwajin wancan karon ƙila sojan bai yi yawan da za a ganshi ba, sai jinin ya shiga ya tashe shi daga barci, cikin sati ɗaya zuwa biyu ya cinye shi. Kuma gaskiya ɗaya ce, akwai wuraren da gwajin dacewa a wurinsu shi ne a ɗiga jinin mai bayarwa da ruwan jinin mara lafiya a kan farin tayil a juya da tsinke, in bai dunƙule ba a ce ya dace. Wannan ABO kawai yake kamawa. Ƙananan nan ba sa dunƙule jini a fili, maƙalewa suke a jikin ƙwayar shiru. Sai an sa a kwalba an ɗumama a zafin jiki digiri 37, an wanke, an ɗiga maganin Coombs, sannan asirinsu yake tonuwa. Aikin kusan awa ɗaya ne in da wuta. Wanda ya ce miki bai dace ba bayan awa ɗaya ya fi miki wanda ya miƙo miki leda cikin minti biyar

Ƴar Aji Huɗu: Shi Coombs ɗin ma likitan dabbobi ne fa, a Kambirij ta Ingila suka fitar da gwajin a 1945, shi ya sa za ka ga sunayen nan duk bayan shekarar suka yi ta ɓullowa kamar an buɗe famfo

Maman Ummi: Innalillahi. Kenan wancan karon ba maleriya bace? Ni na yi ta ɗura mata magani

Likitar Yara: Maman Ummi kar ki ɗora wa kanki laifi, ko mu da muke cikin aikin yana shige mana, saboda a mai sikila kamanninsa ɗaya sak da tashin ciwon, ciwon ƙashi, zazzaɓi, ido ya yi ɗorawa. Kuma yana iya yiwuwa harda maleriyar a lokacin, ba wanda zai yanke hukunci daga waya. Abin da nake so ki yi yanzun nan, ba gobe ba, ki samu likitan da ke kan aiki ki faɗa masa labarin kwana taran nan kalma da kalma yadda kika faɗa mana, ki ce a rubuta a fayil, ki faɗa wa ƴan lab ma. Kar ki matsa musu su baki ko wace leda don tausayin yarinya. Jinin da bai dace ba a mai sikila wani lokacin ba shi kaɗai jiki ke farfasawa ba, harda nata na asali yake haɗawa, sai PCV ya sauka ƙasa da inda yake kafin a ƙara

Maman Ummi: To Dokta bari in je yanzu

Jarumin Sikila: Anti ni ganau ne. Shekarata 29, leda ta kai ashirin a jikina. Akwai lokacin da aka gwada tara kafin a samu ɗaya, babana har ya kusa cin kwalar wani ɗan lab, daga baya shi da kansa ya koma ya bashi haƙuri. Yanzu ina da ɗan kati a walet kusa da katin ATM, an rubuta anti-E da anti-Fya, wato sojojin da jikina ya ƙera wa E ta gidan Rh da Fya ta gidan Duffy. Duk asibitin da na je shi nake fara miƙawa kafin ma katin asibiti

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum jama'a, ina bin zancen daga nan. Malam na Lab in tambaye ka, shi wannan soja in ya fito sai ya zauna har abada ko yana gushewa? In yana gushewa ai sai a jira ya tafi a ƙara jinin

Baban Walid na Lab: Nan ne tarkon yake mutumin Maraɗi. Yana ɓacewa daga gwaji amma jiki bai manta ba. Na gidan Kidd su suka fi kowa iya wannan munafuncin, yau ka ganshi ɓaro-ɓaro, bayan wasu watanni ka gwada ka ga wayam, ka bada jini da zuciya ɗaya, bayan sati ya dawo da ƙarfinsa. Shi ya sa katin Jarumi ya fi gwajin ranar daraja. Wanda aka taɓa gani sau ɗaya ana kauce masa har ƙarshen rayuwa ko da gwaji ya nuna babu.

Kuma in za a bar ni in yi hasashe, labarin Ummi yana min ƙamshin Kidd ɗin. Akwai Jka da Jkb, mu baƙar fata kusan tara cikin goma muna da Jka. In ita tana cikin ƴan tsirarun da ba su da shi kuma jikinta ya ƙera masa soja, to leda huɗu ai ba a fara ba, sai a gwada goma ko sha biyu kafin a dace

Likitar Yara: Baban Walid ka ga irin abin da nake hana ku, kana sa wa abu suna baka ga samfur ba. Gobe sai ta je ta ce wani a guruf yace Kidd ne. Zai iya zama biyu ko uku ne suka haɗu, zai iya zama na cikin Rh ne, zai iya zama ma jikinta ne ke yaƙar nata

Baban Walid na Lab: Na karɓi gyara Dokta, shi ya sa nace hasashe. Amma ku ma likitoci ku riƙa rubuta mana tarihin ƙarin jini a fom, sai a aiko mana takarda an rubuta a kawo leda ɗaya da gaggawa, babu sau nawa aka taɓa ƙarawa babu komai, mu yi duba ne?

Likitar Yara: Wannan kam ka ci mu, ban da ta cewa

Anti Nas ta Ingila: Sannunku da dare. Ni a nan inda nake aiki mai sikila tun kafin a fara ƙara masa jini ake duba masa waɗannan tsagun duka a ajiye a kwamfuta, kuma duk jinin da za a bashi sai ya dace a C da E da K bayan ABO da D. Amma kar ku ɗauka nan aljanna ce, matsalarsu ta fi tamu ta wani ɓangaren. Masu bada jini yawanci turawa ne, masu sikila kuma mu ne. K misali, bature kusan 9 cikin 100 yana da shi, baƙar fata kusan 2 ne kawai, kuma K bayan D babu mai saurin tsokano jiki kamarsa. Akwai wani nau'in Rh da suke kira Ro, a cikinmu ruwan dare ne, amma a masu bada jininsu kusan 2 cikin 100 ne. Kullum suna talla har masallatai da coci-coci suna roƙon ƴan Afirka su zo su bada jini. Ni kaina duk bayan wata huɗu sai sun turo min saƙo

Ɗan Maraɗi: To ashe mu nan gida mun fi su sa'a, tunda mai bayarwa da mai karɓa duk jini guda ne

Baban Walid na Lab: Da gaskiyarka, shi ya sa abin bai kai yawan nasu ba a wurinmu. Amma raguwa ya yi, bai tafi ba, ga Jarumi nan ga Ummi. Mu ma a tsakaninmu muna da namu. Akwai Jsa a gidan Kell, kusan ɗaya cikin biyar na baƙar fata yana da shi, turawa kusan babu. Akwai U a gidan MNS, kusan kowa a duniya yana da shi, waɗanda ba su da shi kusan duk ƴan asalin Afirka ne, kamar ɗaya cikin ɗari. Irin wannan in jikinsa ya ƙera anti-U to ka tara masu bada jini cike da filin idi da ƙyar ka tsinci ƴan kaɗan. Kuma mu matsalarmu kayan aiki ne. Gano sunan sojan yana buƙatar wasu ƴan kwalabe goma ko sha ɗaya na jinin da aka riga aka san tsagunsa, daga waje ake kawo su, sai a firij, kuma wata guda da ɗan wani abu sun lalace. Ƙaramin asibiti ba zai saya ya zubar duk wata ba. Sai dai a tura samfur babban asibitin koyarwa

Ɗan Fagge: Ni dai har yanzu Dafin nan ne a raina. Ƴar Aji Huɗu mu muna da shi ko babu

Ƴar Aji Huɗu: Yaya in dai kai ɗan Fagge ne na asali kusan tabbas baka da shi hhh. A Afirka ta Yamma sama da 90 cikin 100 ba su da Duffy a kan jar ƙwayarsu kwata-kwata, ba Fya ba Fyb. Kuma alheri ne, saboda akwai wata ƙwayar maleriya da ake kira bibaks, ita ta addabi Indiya da Kudancin Amurka, ta ƙofar Duffy take shiga cikin ƙwayar jini. Mu an toshe ƙofar. Wani Louis Miller da abokan aikinsa a Amurka suka tabbatar da haka a 1976

Ɗan Fagge: Kai jama'a ku ji wata sabuwa, wai an toshe mana ƙofar maleriya. Ni da na kwanta sau uku a damunar bana? Ƴar nan ki je ki karɓo kuɗin makarantarki

Ƴar Aji Huɗu: Ka karanta da kyau mana, bibaks nace. Wadda ke kayar da kai duk damuna falsifarom ce, ita ba ruwanta da Duffy, ƙofofinta daban kuma da yawa. Ita bibaks ɗin ma yanzu an sameta a jikin marasa Duffy a Madagaska da Habasha da Sudan, kenan ta fara koyon haura katanga

Likitar Yara: Tunda kun taɓo Duffy bari in ƙara wani abu da zai amfani ƴan uwanmu na waje. Marasa Duffy yawanci wani nau'in fararen ƙwayoyin jininsu yana fitowa ƙasa kaɗan a gwaji, kuma lafiyarsu ƙalau, haka Allah ya halicce su. To ma'aunin da aka saba da shi an gina shi ne a kan turawa, sai ka ga an ɗaga wa mutum hankali ana ta maimaita gwaji ko a dakatar masa da magani a banza

Anti Nas ta Ingila: Wlh Dokta ya faru da ɗana, sau uku ana ɗibar jininsa kafin wata likita ta ce a duba Duffy, shikenan magana ta mutu

Hajiya Goggo: Ni ƴaƴana ban gane rabin turancin nan ba amma naji Malam yace ta hanyar ciki ma yana faruwa. A gidanmu akwai wadda ta haifi na fari lafiya, bayan shi duk wanda ta haifa sai ya yi ɗorawa kwana biyu uku ya koma, wani ma a kumbure yake fitowa ba rai. Guda biyar. Aka ce wabi ne, babu rubutun da bata sha ba, har suna aka riƙa sa wa yaran irin na a bar mana shi. Ko irin wannan ne?

Likitar Yara: Allah ya jiƙansu Goggo yasa masu ceto ne. Abubuwan da ke kashe jarirai a jere suna da yawa, amma yadda kika kwatanta, na fari lafiya, na baya shawara tun ranar farko, wani a kumbure, ya yi kama da shi sosai. Jariri yana gadon tsaga daga uba wadda uwar bata da ita, lokacin haihuwa ɗan jininsa ya shiga jikinta ta ƙera soja, ciki na gaba sojan ya ratsa mabiyiya ya riƙa cin jinin ɗan. Mafi yawa D ne, wato uwa nagatif uba fozitif, kuma shi yana da allura da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa. Abin da mutane ba su sani ba allurar D kaɗai take karewa. Mace O+ ce ko A+ tana iya samun wannan matsalar ta K ko ƙaramin c, kuma su babu allurarsu. Na K ma ya fi mugunta, bai tsaya fasa jinin ba, hana jikin ɗan tayin ƙera sabo yake

Baban Walid na Lab: A nan zan roƙi maza abu ɗaya. In matarka na buƙatar jini kuma tana sa ran ƙara haihuwa, ka bada naka a ajiye a banki a bata na wani. Kar ka dage sai naka za a sa mata don soyayya. Tsagun da ke jininka su za ka gadar wa ƴaƴanta, in ka nuna wa jikinta su tun yanzu ka haɗa ta faɗa da cikin da bai zo ba

Ɗan Fagge: Yau naji abin da ban taɓa ji ba. Ni da nake taƙama na ba madam leda guda a haihuwar farko

Likitar Yara: Ba lallai wani abu ya faru ba, yawanci ma ba ya faruwa. In ta samu ciki dai ta faɗa a wurin awo

Abban Sultan: To ni yanzu tsoro kuka bani, ina shirin aure bayan sallah. An ce jinotaif mun yi, an ce HIV da ciwon hanta mun yi, yanzu kuma sai mun yi Kell da Kidd da Dafi? Wlh in aka ci gaba a haka babu mai aure a garin nan

Anti Nas ta Ingila: Hhh ango kwantar da hankalinka, ko a nan ba a yi wa masu aure wannan. Ba a fasa aure don Kell. Mace mai ciki ake wa gwajin neman sojojin a awon farko a sake wajen sati 28, in an ga wani abu a sa ido

Baban Walid na Lab: Kuma ba duka ne masu haɗari ba. Na Lewis misali muna yawan ganinsa a masu ciki, ya ɓata mana lokaci a lab amma baya ratsa mabiyiya, shi jaririn ma ba a haifarsa da Lewis a ƙwayarsa. Anti-M ma yawanci a sanyi yake aiki, in an ɗumama ya yi shiru. Waɗanda muke tsoro su ne Rh, Kell, Kidd, Duffy da S, s, U

Ƴar Aji Huɗu: Akwai ma wanda ya fi ban mamaki, jinin Bombay, wani likita Bhende ya gano a 1952. A tayil O yake nunawa sak, amma in ka sa masa O sai ya kusa mutuwa, sai jinin ɗan Bombay irinsa. A garin Mumbai kusan mutum ɗaya cikin 10,000. Kuma a 2025 Faransa suka sanar da wani sabon gida da suka samu a jikin wata mata ƴar asalin Gwadaluf, ita kaɗai aka sani da shi a duniya

Admin: Ƴar Aji Huɗu a ajiye sauran karatun sai gobe, akwai yarinya kwance. Masu O+ kuma AA da ke cikin gari ku min magana ta gefe in haɗa ku da Baban Ummi, ban yarda a sa lamba a guruf ba

Ɗan Fagge: Me yasa sai AA kuma, AS ba jini bane?

Likitar Yara: AS yana bada jini ga sauran mutane, amma mai sikila an fi so a bashi na AA

Ɗan Fagge: To ni O+ ne kuma AA. Admin duba saƙonka, amma in sun ce nawa ma bai dace ba sai sun nuna min da idona

Maman Ummi: Salam. Ku yi haƙuri jiya caji ya ƙare. Na faɗa wa likita yadda Dokta tace, ya rubuta, ya sauka lab da kansa suka yi magana. Mutum bakwai suka zo daga guruf ɗin nan da asuba Allah ya saka muku da alheri ban san bakin godiya ba. A leda ta goma sha ɗaya aka samu wadda ta dace, na wani ɗan makaranta ne da ya biyo abokinsa, ko sanin mu bai yi ba. An fara sa mata ƙarfe goma a hankali nas na zaune a gefenta, yanzu ta sha kunu tana neman wayata. Sun ɗebi samfur tun kafin a sa jinin sunce za su tura a gano sunan abin

Hajiya Goggo: Alhamdulillah, Allah ya ƙara sauƙi

Baban Walid na Lab: Masha Allah. Maman Ummi wannan ɗan makarantar kar ku bari ya ɓace muku, Baban Ummi ya karɓi lambarsa, duk da ko nasa ne sai an sake gwadawa duk lokacin da za a sa. Ki sayi ƙaramin littafi ki rubuta ranar yau, lambar ledar, PCV kafin da bayan ƙari. In sakamako ya fito a rubuta miki sunan a kati da hatimin asibiti, kofi ɗaya a jakarki ɗaya a wurin babanta. Sati uku masu zuwa ki riƙa leƙa fitsarinta da safe, in kin ga ya sauya kala ko ido ya ƙara ɗorawa asibiti kai tsaye, ban da kemis

Ɗan Fagge: Nawa bai dace ba jama'a. Ɗan lab ɗin ya kira ni ya ɗaga kwalbar a fitila, ga jinina nan ya dunƙule kamar gari a ruwan sanyi, kusa da shi na yaron nan sumul. Sun ajiye nawa sunce akwai mai haihuwa da za a ba

Jarumin Sikila: Anti in kin tashi yin katin ki kai a manne miki shi da leda, nawa na farko a wanki ya narke